Saitin Tela Mai Rawaya

Ana ta yaɗawa a layi wai Tela ya je asibiti an cire masa idon dama an dasa masa na shaho. Har akwai mai rantsuwa ya gan shi yana kallon 'yan tsaki yana haɗiyar yawu. Ƙarya ce tsagwaronta! Idanunsa na nan yadda ya gada, waɗanda ba sa bambance ja da kore. Shekara da shekaru matarsa ke zaɓar masa zare, don ya taɓa ɗinke koren yadi da jan zare yana ta yabon kansa.

Ban da keken ɗinki, ba abin da yake so kamar wasan harbi a kwamfutar da ke kusurwar shagonsa. To alamar saitin bindigar wasan ja ce, da an shiga ciyawa sai ta ɓace masa. Ya harbi bishiya, ya harbi gajimare, ya harbi abokan ƙungiyarsa har suka gaji da mutuwa. Gasa ta matso, shugaban ƙungiyar ya ce, "Malam Tela, ko ka gyara, ko mu nemi wani."

Abin ya yi masa ciwo. Ya buɗe manhajar zane ya zana tasa alamar: rawaya mai haske, da baƙin layi zagaye kamar kalmasa. Zubin farko ya manta bai goge farin bayan hoton ba, da ya ɗora shi a wasan sai ga wani farin gyale ya rufe rabin allon kwamfutar. Na biyu ya karkace hagu. Nan Tela ya ja zare daga kusurwar allon zuwa kusurwa, ya ja wani ya gicciye shi, inda suka haɗu ya ce nan ne cibiya. Ya bar 'yar huda a tsakiya, daidai kafar allura, don ya ga wanda zai aika lahira.

Ranar gasa, mutumin ya zama annoba. Ƙungiyar ta zo ta biyu, shugaban da kansa ya zo shago yana roƙon a tura masa hoton.

Wani taubashinsa mai bakin tsiya ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, sarkin maharba! Duk wannan gumin a kan ɗigo? Cire shi mu gwada, ni da kai."

Tela bai ko ɗago daga keke ba. "Kai ai ba ka buƙatar saiti. Wannan ƙaton kan naka, ko na rufe ido na harba baya, sai na same shi."