Goggo Mu'minatu da Garin Geron Hamdiya

Goggo Mu'minatu ƙanwar mahaifina ce. A Kebbe aka haife ta, can ta yi aure, can mijinta ya rasu, kuma ta fi shekara talatin tana dama fura a bakin tasha. Ba ta yi boko ba. Takan ɗebi gari ta murza a tafin hannu, ta ce wannan geron fadama ne, ko na tudu, ko na bara. Ba kasafai take kuskure ba.

Ta zo gidana a Tambuwal a daminar bara, bayan wani likita a Sakkwato ya gaya mana abin da ke damun 'yata Hamdiya. Cikinta ba ya jure alkama. Akwai wani sinadari a cikin alkama, gulutin, da ke lalata hanjin yarinyar a hankali. Shekarar Hamdiya uku a lokacin. Yayarta Madina ta rasu tana da huɗu, da irin wannan gudawar da wannan ramar, ba tare da mun san sunan ciwon ba.

Muka raba gidan da burodi da taliya da cincin. Kunun gero da tuwon dawa suka zama abincinta. Ta fara murmurewa, sai ciwon ya dawo. Kwana huɗu tana wasa, kwana biyu tana kwance.

Ina koyar da kimiyya a sakandare, don haka na nemi dalilin inda na saba nema, wato a rubuce. Na tuna an ba ta baƙin lemon kwalba a wajen wani suna a Dogon Daji. Na samo irin kwalbar na karanta. Cikin abubuwan da aka lissafa akwai launin karamel. Na duba a waya: wani ya ce daga masara ake yin sa, wani ya ce a wasu ƙasashen daga alkama. Daga nan na daina zama. Na gan shi a jikin alewa, na gan shi a kwalin maganin tari. Da an tashi daga makaranta sai in bi shaguna ina juya kwalabe, har masu shagon suka daina tambayata me zan saya.

Na kira likitan. Ya ce, "Ƙonannen sukari ne, Malam. Ko da daga alkama aka samo sukarin, an tace shi, ba abin da ya rage da zai taɓa ta. Ka duba wani wurin." Na yi godiya, amma ban yarda ba. An taɓa ce mini ba komai a kan Madina.

Goggo ta bar ni mako biyu. Wata Laraba da la'asar ta same ni a tsakar gida da kwalba a hannu.

"Ɗan boko, mi kaka nema cikin kwalbar ga?"

Na yi mata bayani. Ta ɗauko ludayin ƙarfe, ta zuba sukari, ta ɗora a kan garwashi har ya narke ya yi duhu. Ta miƙo mini.

"Wanga ne ya hana ka zama? Tun kana yawo ba wando nika yi muku alewa da shi."

"Goggo, na masana'anta daban ne."

"To. Sau nawa ta sha lemon?"

"Sau ɗaya."

"Sau nawa ta kwanta?"

Ta jawo ƙwaryar garin geron da matata Najiba ke yi wa Hamdiya kunu da shi, ta jiƙa kaɗan a tafinta, ta murza, ta ja shi tsakanin yatsu biyu.

"Gero bai danƙo haka. Ina kuka niƙa?"

Washegari ta sa na raka ta injin Ɗanmaliki, wanda duk unguwarmu ke kai wa niƙa. Alhamis ce. Mata huɗu na gabanmu, biyu daga cikinsu da alkama, ta alkaki da funkason bikin ƙarshen mako. Goggo ta tsaya tana kallo har aka gama ta biyun, aka juye geron mai bi mata a kai, ba a share komai ba.

"Ɗanmaliki, kana wanke bakin injin ga?"

Ya yi dariya. "Inna, in na wanke shi da mi zan niƙa? Tsatsa za ya yi."

"To wanda ya biyo mai alkama fa?"

"Ya samu gyara."

Matan suka kwashe da dariya. Goggo ma ta dara. Ta ce mini duk mai fura ta san wannan, shi ya sa ba ta yarda ta bi bayan mai barkono ko mai alkama. Najiba kuwa Alhamis take kai niƙa, saboda ranar ce ba ta da aiki da rana a asibitin da take.

A hanyar gida Madina ce kawai a raina. Goggo ta ce, "Kada ka fara lissafin waccan. Allah ya jiƙanta. Wagga ce a gabanka."

Ta sa aka sayo sabon turmi da taɓarya da rariya, ta hana a daka komai a ciki sai geron Hamdiya da dawarta. Ita ta riƙa dakawa kullum da hantsi, tana da shekara sittin da 'yan kai, tana mitar cewa geron Tambuwal ba ya da ƙanshi. Wata uku Hamdiya ba ta kwanta ba. Da muka koma Sakkwato aka aza ta a ma'auni, ta ƙara kilo biyu.

Kafaɗar Goggo ce ta fara ciwo, kuma masu shan furarta na ta aiko mata daga Kebbe. Najiba na fita aiki tun safe. Ranar da Goggo za ta koma Kebbe, mai babur na jira a ƙofar gida, ta miƙo mini taɓaryar.

"Riƙe nan. Ba can ba, nan. Ɗaga da baya, ba da hannu ba."

Na daka sau uku, gero ya watse a ƙasa.

"Tattara," in ji ta. "Sake."