Takin da Kaka Ta Ajiye a Gindin Randa

A wani shagon kayan abinci a garin Hyattsville, a nan ƙasar waje, na ɗauki ƙullin tafarnuwa na sunsuna, sai na ji hawaye. Fara ce tas, amma ƙamshinta bai kai rabin na tafarnuwar kakata ba. Kada ku ce son kai ne, ku bari in ba ku labari.

Gonarmu ta tafarnuwa a kan tudu take, an tare ƙasarta da jerin duwatsu, ana shayar da ita daga wani ɗan marmaro. Shekara uku Baba yana zuba mata takin zamani ba ƙaƙƙautawa. Ganye ya yi kore shar, a tono a tarar da kai kamar gyaɗa. Sauran takin kuma ruwan ban-ruwa ya gangara da shi gonar maƙwabcinmu na ƙasa, wanda kullum yake gaishe mu da fara'a. Ran nan Baba ya ce ya gaji, in bana ma haka ne zai sayar da gonar mu koma gari. Gonar kuwa Kaka ta gada daga mahaifinta.

A shekarar ne malamin gona ya raba wani baƙin gari a leda. Ya ce taki ne mai rai, akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani. A dama shi da ruwa, a jiƙa irin kafin shuka, a rage takin zamani zuwa rabi. Maza suka yi dariya. Wasu suka bar nasu a rana, wasu suka juye shi cikin buhun takin zamani don a huta, suka kashe shi ba su sani ba.

Kaka ba ta yi dariya ba. Mai yin daddawa ce, ta san abin da ba a gani yana aiki. Ta naɗe ledar a tsumma ta tura gindin randa inda sanyi yake.

“Inna, yanzu taki kike reno?” in ji Baba.

“Ba ni fangali shida, ka ja bakinka,” ta ce.

Ta jiƙa irinta a inuwa, ta shuka da takin awaki, na zamanin kuwa sai da shuka ta tsaya ta bi da shi tsunkule-tsunkule. Ranar tono ina tsaye. Kan farko da ya fito ya cika tafin hannuna. Na kurma ihu, Kaka ta rangaɗa guɗa har ana ji daga gangare. Baba ya juya shi a hannu ya daɗe, sannan ya ce a sanyaye, “Baɗi a yi gonar duka haka.” Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Kaka ta rasu kafin in zo ƙasar nan. Yanzu ƙanena ke noma tudun, takin ma ta waya yake sayensa. Da ya turo hoton girbin bana, 'yata da aka haifa a nan garin Largo ta tambaye ni da Turanci gonar wa ce wannan. Na ce mata da Hausa, taki ce, ba a sayar ba.