Miss Icilda, Mai Jiran Amsar Gaisuwa

Ranar Alhamis, sha ɗaya ga watan Mayu, 2006, ina ofis ina duba takardun jarrabawar ɗalibai, Hajiya Assibi ta kira ni. Ita ce babbarmu a gidajen hayar da ke High Point Road, 'yar Maraɗi. Tun da na san ta, ba ta taɓa shiga magana a waya ba sai ta tambayi lafiyata, da ta aiki, da ta iyayena na Zariya waɗanda ba ta taɓa gani ba. Ran nan ba ta gaishe ni ba. Cewa kawai ta yi, "Liyatu, Mama Silda ta cika." Kafin maganar ta zauna mini, rashin gaisuwar ya riga ya gaya mini cewa wani abu ya rushe.

Miss Icilda Beckford, kin rasu kina da shekara saba'in da huɗu, zaune a kujerarki, hular fita a kanki, jaka a cinya. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ni tarihi na karanta, ba zan ja da likita ba. Zan dai faɗi abin da ya faru da safiyar ranar, kowa ya ajiye shi inda ya ga ya dace.

Ga waɗanda ba su san ki ba: 'yar Jamaika ce ke, daga wani ƙauye a yankin St. Elizabeth, inda kika yi shekaru kina shugabar makarantar firamare. Kin biyo mijinki nan garin Greensboro, ya rasu ya bar ki ba ɗa ba jika, a bene na biyu, tsakiyar mutanen Nijar. Ba su iya faɗin sunanki ba, suka mayar da ke Mama Silda, kika karɓa. Kujerarki na bakin matakala, inda duk mai hawa sai ya bi ta gabanki. Doka ɗaya gare ki. Wanda ya wuce bai gaishe ki ba, ba kya faɗa, ba kya ɗaga murya. Ke za ki gaishe shi, "Good morning," sannan ki zuba masa ido ki jira. Ban taɓa ganin mai iya jira kamarki ba. Idan yaro ne, sai ki nuna masa ƙasa da yatsa, ya sauka har gindin matakala ya sake hawowa kamar ɗan mutane. Na ga kin yi wa mai gyaran famfo haka, da akwatin aikinsa a hannu. Ya sauka, ya hawo, ya gaishe ki, kuma da ya gama aikinsa kika ba shi biredi mai zafi.

Gaisuwar Hausa ce ta haɗa ki da mu. Kin ce ranar da kika fara jin Hajiya Assibi da wata maƙwabciya suna ta jera tambayoyi a tsakar gida, kin zaci rikici suke sasantawa. Da na fassara miki cewa kwana ake tambaya, da gajiya, da yara, da sanyi, sai kika ajiye kofin shayinki kika ce, "Ashe akwai sauran mutane a duniya." Daga nan kika koyi "ina kwana" da "ina gajiya", kina faɗinsu da wata irin murya ta shugabar makaranta wadda ke sa mutum ya gyara tsayuwa kafin ya amsa.

Alherinki ba ya ƙirguwa, kuma ba kya son a ƙirga. Ke kika riƙa zama da matan da ba su da Turanci a asibiti, kina sa likita ya maimaita magana a hankali har sai an fahimta. Kin daina dafa naman alade a tukwanenki, ba wanda ya roƙe ki, don kawai yaran maƙwabta su ci abincinki hankali kwance. Lokacin da nake rubuta kundin digirina na uku, ina fita da ido jajir kamar mai neman faɗa, kin tare ni kin ce mai ilimin da ba ya murmushi bai gama karatu ba, kika miƙo mini romon kaza.

A shekarar 2004 kika tattara kika koma Jamaika, da niyyar ƙarasa kwanakinki a gida. Mun yi miki walima, mun yi kuka. Shekara ba ta zagayo ba sai ga ki a kujerarki, kamar kin je kanti kin dawo. Muka tambaye ki abin da ya dawo da ke. Da kika fara magana kuwa, a hankali kika yi ta, kamar mai ba da shaida a kotu.

Kin ce a tashar mota wani kwandasta ya fizgi hannunki yana ihu, "Ke tsohuwa, shiga ko ki matsa!" A cikin motar an ƙure kiɗa, kalmomin waƙar irin waɗanda ko ma'aurata ba sa faɗa da rana, 'yan mata da kayan makaranta suna bin ta baki da baki. Kin yi tafiyar a tsaye, ba wanda ya tashi. Kin ce "good morning" ga motar gaba ɗaya, kamar yadda aka koya miki tun kina yarinya, wani ya yi dariya ya tambaya ko wa'azi za ki fara. Amma abin da ya dawo da ke shi ne jana'izar wata ƙawarki ta makaranta. An zo da lasifika a bayan mota, an sa tufafin da suka fi dacewa da gidan rawa, wani na amsa waya yana ƙyaƙyata dariya a bakin kabari, kuma kafin a gama rufe ƙasa an fara ture-ture a kan naman akuya. Kin ce a zamaninki idan gawa za ta wuce, mai shago yakan rufe ƙofa, maza su cire hula, ko da mamacin abokin gabarsu ne.

Ni kuwa, da yake jami'a ta ba ni amsar kowace tambaya, na zauna na yi miki bayani: talauci, ƙaura zuwa birni, iyayen da suka tafi ƙasashen waje neman abinci suka bar yara da talabijin. Na ƙara da cewa ladabin da kike kewa ma, wani ɓangarensa Turawan mulki ne suka dasa shi da bulala. Kin saurare ni har na gama, don ba kya katse mutum. Sannan kika ce, "Mahaifina bai taɓa mallakar takalmi ba, Liyatu. Amma bai taɓa wuce mutum kamar ya wuce itace ba." Kin kuma yi adalci. Kin ce a ƙauyenku har yanzu ana gaisuwa, kuma masu kirki sun fi yawa, sai dai sun koyi yin shiru don kada a zage su. Kika nuna yaranmu da ke wucewa da abin sauraren kiɗa a kunne, kika ce, "Ku ma kada ku yi dariya. Haka namu ya fara."

A bara, da Alhaji Maazou, mijin Hajiya Assibi, ya rasu, kin shiga zaman makokin kin zauna a gefe har yamma. Kin ga mutane na cire takalmi a ƙofa, suna durƙusawa, suna yi wa mai takaba gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, su zauna shiru, su yi addu'a, su tashi. Kin ga kowa da kwano yake shigowa, ba wanda ya zo neman a cika masa. A kan matakala kika riƙe hannuna kika ce, "Mu ma muna da namu. Daren tara muke kiransa. Dangi su taru a dare na tara bayan rasuwa, a yi waƙoƙin coci, a raka mamaci da mutunci. Yanzu ya koma biki. Idan na mutu, ki kawo mini mutanen nan su zauna kamar yadda suka zauna yau. Ki yi mini alkawari." Na yi, da sauƙin wanda yake ganin ranar tana da nisa.

Da safiyar Alhamis ɗin nan kun je wani shagon kayan abincin Karibiyan, wato yankinku, ke da Hajiya Assibi. Kuna kan layi wani saurayi ya shigo yana waya, ya ratsa gabanku, kafaɗarsa ta ture hularki. Daga harshensa kika gane ɗan yankinku ne. Kika gyara hula, kika ce masa "Good morning," kika jira. Da bai kula ba, kika tambaye shi ɗan gidan wa ne. Ya juyo ya amsa. Hajiya Assibi ba ta jin yarenku, amma ta ce mai shagon ya sunkuyar da kai, wata mata ta toshe kunnen ɗanta, kuma duk layin ba wanda ya buɗe baki. Daga baya mai shagon ya gaya mini abin da aka faɗa. Ba zan rubuta shi ba. Kin ajiye kwandon sayayyarki a inda kika ɗauke shi, kin yi wa mai shago sallama, kun dawo gida. A mota abu ɗaya kika ce: "Mai yiwuwa na koyar da uwarsa." Kika zauna a kujerarki ki huta. Hajiya ta shiga ta ɗora ruwan shayi, ta fito ta same ki.

Har yanzu na kasa haɗiye wannan. Mace ta yi shekara hamsin tana koya wa mutane kalma biyu, a ce amsa ta ƙarshe da ta samu a duniya ita ce waccan.

Danginki sun iso: ƙanwarki Miss Pearline daga Jamaika, da ɗanta Linval daga New York, da abokansa. Linval ba mugu ba ne. Ya yi kuka a gaban hotonki kamar ƙaramin yaro. Amma a wurinsa girmama mamaci shi ne a ji kiɗan makokinsa har titi na uku. Ranar Asabar ta daren tara, tun la'asar ya jera lasifikoki a filin ajiye motoci, tagogin gidaje na rawa. Na je na gaya masa alkawarin da na ɗauka. Ya nuna kunnensa alamar ba ya ji, ya ɗaga mini babban yatsa.

A ɓangarenmu kuma an fara ja da baya. Wasu suka ce ba Musulma ba ce, wasu suka ce akwai giya a wajen. Na tsaya a ɗakin Hajiya Assibi da duk digirorina, ban san ta inda zan kama ba. Malam Moutari, limamin mutanen Nijar ɗin, ya ce haƙƙin maƙwabci ba ya tambayar addini, a je a yi ta'aziyya a dawo kafin magariba. Hajiya ta yafa mayafinta ta ce, "Bon, to shi ke nan. Ku biyo ni a layi, kada wadda ta yi wa Linval faɗa."

Ta sauka matakala, matan gidan a bayanta, mazan a bayansu. Ta wuce kai tsaye wurin Linval, ta cire takalmi a kan kwalta, ta rusuna, ta ce, "Ina wuni, ɗana? Ya haƙuri?" Sannan ta zuba masa ido, ta jira. Na san jiran nan. Naki ne, ba ta rage komai a ciki ba. Linval ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, bai tsira ba. Ya duba abokansa, ba taimako. Dole ya rage kiɗan ya sunkuyo ya ji me tsohuwar ke cewa. Ta maimaita. Ya juyo gare ni, na ce masa, "Tana tambayar yadda ka wuni, da yadda kake ɗauke da rashin. Amsa take jira."

Ya ce, "Good evening, ma'am."

Hajiya ta matsa, ta bayanta ta matso. Ita ma ta gaishe shi, ta jira. Layin ya kai har gindin matakala, kuma ba a amsa gaisuwa cikin ƙarar lasifika. A wajen mutum na biyar ya miƙa hannu ya kashe na'urar da kansa, ya cire hularsa. Abokansa suka tura kwalabe ƙarƙashin kujeru, kamar ɗalibai sun ji takun shugabar makaranta. Muka ajiye kwanonin shinkafa, muka zauna. Can Miss Pearline ta miƙe ta faɗi layin farko na wata waƙar coci da baki, tsofaffin cikinsu suka rera shi a hankali, ta faɗi na biyu, suka rera. Ta ce mini haka ake yi a ƙauyensu tun lokacin da littafin waƙa ɗaya ne a gari. Samarin ba su san waƙar ba, amma da yake ana ba su layi-layi, su ma suka bi. Musulmi suka saurara da kai a sunkuye. Da rana ta kusa faɗuwa suka tashi, suka yi wa kowa sallama da sunansa.

Alkawarin ya cika, Miss Icilda, amma ba ni na cika shi ba. Ke kika bar makamin a hannun maƙwabciyarki.

Saurayin shagon bai zo ba, wataƙila ma bai san kin rasu ba. Ban yi masa baki ba, don na san da kin hana ni. Ina roƙon Allah ya ba shi tsawon rai, har ya kai shekarun da zai gaishe da yaro ya tsaya yana jira.

Allah ya ji ƙanki, ya karɓe ki da fuskar rahama, ya ba ki hutun da ƙafafunki suka rasa a waccan motar. Ina miƙa ta'aziyya ga Miss Pearline, da Linval, da dukan dangi a St. Elizabeth, da ɗimbin ɗaliban da suka bi ta hannunki. Ina yi wa Hajiya Assibi gaisuwa ta musamman, wadda ta rasa miji bara, bana ta rasa abokiyar shayi. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, ya sa namu ƙarshen ya yi kyau.

Kujerarki na nan a bakin matakala, ba wanda ya yarda ya ɗauke ta. Sai da safe, Miss Icilda. Na san ba za ki amsa ba. Zan dai ɗan tsaya.