Hannatu da Kifin Iceland

Hannatu Fatihu ta zo Kuala Lumpur yin digiri na biyu da akwati biyu, ɗaya na sutura, ɗaya na daddawa da kuka da yaji. A unguwar Pantai Dalam take zaune, hawa na tara, ita da Walida, 'yar ƙanin babanta. Kowa ya san ta da hali guda: ba ta mayar da kwano haka nan. Haka ta taso ta ga Ummanta na yi a Gwammaja. In maƙwabciya ta aiko da abinci, sai an zuba wani abu kafin kwano ya koma.

Ana nan sai ga wata ɗaliba, Sigrun, daga Iceland, ta zo musayar ɗalibai na zango ɗaya, aka ba ta ɗakin da ke kallon nasu. Hannatu ta kai mata ɗanwake na sannu da zuwa. Washegari Sigrun ta dawo mata da kwanon, cike da gutsattsarin kifi fari-fari. Ta ce sunansa hakarl, wani ƙaton kifin teku ne da ake bari ya ruɓe, sannan a rataye shi wata da watanni.

Hannatu ta jefa ɗaya a baki. Zarni ya haye mata har ƙwaƙwalwa, idonta ya kawo ruwa. To, baƙuwa na tsaye tana kallo. Ta haɗiye da ƙyar, ta ce "takk", wato na gode da yarensu, har ta ƙara da cewa ya yi daɗi.

Daga ranar kwanuka suka shiga zirga-zirga. A tafi da waina, a dawo da kifi. A tafi da dambu, a dawo da kifi. Warin ya kama firij, ya kama labule, ya kama mayafin Hannatu, har wata tsohuwa ta canza kujera a jirgin ƙasa. Hannatu ta zabga daddawa ninki uku a miyar kuka don baƙuwa ta tsorata. Sigrun ta suɗe kwanon, ta nemi a rubuta mata sunan miyar.

"Yaya Hannatu, ki daure mana," in ji Walida, bakinta cike da waina. "Zumunci ne fa."

A mako na huɗu Hannatu ta wanke kwanon, ta ƙwanƙwasa ƙofar Sigrun riƙe da shi ba komai a ciki, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta faɗi gaskiya cewa ba ta iya cin kifin, kanta a sunkuye.

Sigrun ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ashe ita ma sau ɗaya take cinsa a shekara, hanci a toshe. Kawunta ne ya cusa mata shi a jaka don tsokana. Da ya ƙare kuma ta sa aka sake aiko mata, saboda Walida ta tare ta a lif ta ce Hannatu ba ta iya barci sai ta ci.

Hannatu ta koma ɗaki. Walida na miƙe a kujera tana danna waya.

"Yaya, yau me za a dafa wa baƙuwarmu?"

"Ai an gama girki."

Ta buɗe firij, ta juye kifin mako huɗu a faranti, ta dire mata a gaba. Sannan ta murɗa makulli, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa.

"Bismillah, ƙanwata. Ni na ƙoshi."