Ranar da na ba da kaina aka liƙa mini waya domin maigidana

Ina rubuto muku ne daga Gazawa. A shekarar da sojoji ke shirin mayar da mulki hannun farar hula, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, ina tuyar ƙosai a ƙofar gida. Maigidana ɗan kabu-kabu ne, yana kai mutane bakin iyaka da babur ɗinsa. Mutum ne mai barkwanci, ko faɗa na tayar sai ya ba ni dariya kafin in kai ƙarshe.

Lokacin yaƙin neman zaɓe aiki ya yi masa yawa. Wata rana ya ɗauko wani abokinsa na ƙuruciya daga taron siyasa a Cadawa, mota ta kwashe su a hanya. Abokin ya cika a hannunsa, shi kuwa ƙujewa kawai ya yi. Muka yi ta godiya ga Allah, ba mu san ciwon yana ciki ba. Barci ya ƙaurace masa. In ya ji ƙarar babur sai jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya karyo masa. Ya daina shiga mutane, ya fara daka wa yara tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa aka yi masa. An yi hayaƙi, an sha jiƙe-jiƙe, ba sauƙi. Ranar da ya farfasa tukwanena, yayyensa suka ɗaure shi da igiya a ɗaki. Ni nake ba shi fura a baki, yana kallona yana hawaye. Iyayena suka aiko in dawo gida, na ce su yi mini haƙuri, ba zan iya tafiya in bar shi a igiya ba.

Ƙanwarsa da ke aikin jinya a Maraɗi ita ta zo ta kwance shi da hannunta. Ta ce akwai wani likitan ƙwaƙwalwa da ya dawo daga karatu da wata na'ura, mu gwada. Da muka je maigidana ya ga wayoyin da za a liƙa masa a kai, sai ya miƙe. Ya ce ya ji labarin ana sa wa mahaukata wutar lantarki, shi gara a mayar da shi igiyarsa. Likitan ya yi ta bayani cewa na'urar ba ta sa komai a kai, saurare kawai take yi, kamar yadda ake sauraren bugun zuciya. Bai yarda ba. Ni ma tsoro nake ji, amma na ja ɗankwalina baya na zauna a kujerar, na ce a fara da ni.

Aka shafa wani abu mai sanyi, aka liƙa mini wayoyin tsakanin kitso. A allo mai kama da na talabijin akwai hoton kwalekwale. Likita ya ce in hankalin mutum ya kwanta kwalekwalen zai tafi, in ya tashi sai ya tsaya. Nawa ko motsi bai yi ba. Na yi salati, na ja numfashi, yana nan daskare. Sai na ji dariya a bayana. Maigidana ne, yana gaya wa likita wai dama ya sha faɗa cewa kaina ya fi nasa zafi, ga shi inji ya ba da shaida. Rabona da jin dariyarsa tun kafin hatsarin. Na fashe da kuka, wayoyi na reto a kaina. Ya ce in tashi in ba shi wuri ya nuna mini yadda ake tuƙi.

Ba a rana ɗaya ya warke ba. Mun yi watanni muna zirga-zirga a motar haya, wani zuwan a ga ci gaba, wani zuwan mu dawo jiki a sanyaye. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ce na'urar taimako ce kawai, ba kowa take yi wa aiki ba, shi ya sa ya haɗa masa da magani da zaman hira. A wajen hirar ne maigidana ya fara iya ambaton abokinsa. A hankali ya koyi gane lokacin da tsoron ke tasowa, ya zauna ya lallashi kansa. Bai sake hawa babur ba har yau. Gero da wake yake nomawa, kuma da wani zaɓen ya zagayo da ƙafarsa ya je ya shiga layi cikin jama'a.

Abin da ke ci mini rai shi ne watannin da muka ɓata muna ɓoye shi don gudun bakin mutane. Har yanzu akwai tabon igiya a wuyan hannunsa, in na gani sai in kau da kai. 'Yan'uwana, in naku ya canza bayan wata masifa, ku yi masa addu'a, ku kuma kai shi likita da wuri. Kada ku ɗaure shi. Mutumin da kuka sani yana nan ciki, tsoro ne ya rufe shi, kuma yana jin duk abin da kuke yi masa.