Ragar da Royce Tillman Ya Yanke Shi Kaɗai

Wendell Haskins ya fara ganin Royce Tillman ranar Litinin, 29 ga Agusta, 1994, a ɗakin canja kaya na 'yan ƙwallon kwandon kwalejinmu, a nan Indiana. Duka biyunsu sababbin shiga ne. Wendell ya miƙa masa hannu, shi kuwa Royce sai ya saƙala masa jakarsa a hannun.

"Kai ne mai wankin kaya?"

"Ni ne mai raba ƙwallo."

"To madalla. Rabo ɗaya gare ka, ka ba ni."

Haka aka yi shekara huɗu. Gaskiya Royce ya iya jifa, ko maƙiyinsa ba ya musun wannan. Amma ƙwallo in ta shiga hannunsa ta yi sallama da kowa. Wendell ya ba shi, wani ƙaton yaro mai suna Otis Brumfield ya tare masa abokan gaba da ƙirjinsa, Royce ya jefa, jama'a su yi ihu, shi kuma ya juya yana nuna musu lamba 33 da ke bayan rigarsa, kamar za su manta. Otis ya karya hanci sau biyu a wannan aikin. Royce bai taɓa kiransa da komai ba sai "kai ƙato".

A watan Maris na 1998 suka ci gasar yankinmu, abin da kwalejin ta daɗe ba ta gani ba. Al'ada sananniya ce: a kafa tsani a ƙarƙashin kwando, kowane ɗan wasa ya hau ya yanki zare ɗaya na raga ya ajiye har tsufansa, koci ya hau ƙarshe. Ragar ɗaya kwandon ta makaranta ce, a akwatin gilashi ake sa ta. Mahaifiyar Otis ta yini a motar haya daga Kentucky don kawai ta ga ɗanta a kan tsanin nan.

Royce ya ƙwace almakashi ya hau farko. Ya yanki zare ɗaya, ya yanki na biyu. Wendell yana riƙe da ƙafar tsanin, ya ɗaga kai ya ce, "Ya isa, mutumina, sauko." Bai sauko ba sai da ya zagaye kwandon kaf, ya rataya ragar a wuya, ya buɗe hannuwa wa masu ɗaukar hoto. Mutum goma sha ɗaya na tsaye a layi suna kallon ƙarfe tsirara. Koci ya kau da kai. Mahaifiyar Otis ta mayar da kyamararta jaka.

Babbar gasar ƙasa ba ta ɗauke shi ba. Ya ce hassada ce, ya haye teku. Ya fara da Turkiyya, sai Poland, sai Ajantina, sai Lebanon, da wasu wuraren da shi kansa yake rikita jerinsu. A can kowace ƙungiya gurbin baƙi kaɗan gare ta, kuma baƙon da aka ɗauko daga nesa ba a yi masa dogon haƙuri. Labarin ɗaya ne ko'ina: watan farko jaridu su yabe shi, wata na uku 'yan ƙungiyarsa su daina ba shi ƙwallo, kafin kakar wasa ta ƙare a kai shi filin jirgi. A Poland an ce magoya baya sun tsaya suna jiran 'yan wasa su zo su gaishe su bayan an tashi, kamar yadda suka saba ko an ci ko an sha kashi, Royce ya wuce da abin jin kiɗa a kunne. Wasan gaba suka juya masa baya gaba ɗayansu. Da ya ba da labarin a gida, cewa ya yi wai tsoron kallonsa suke.

Wendell kuwa bai je ko'ina ba. Ya yi aure, ya zama malamin lissafi a sakandaren garin.

A farkon 2018 kwaleji ta shirya bikin cika shekara ashirin da cin gasar. Sai ga Royce a ƙofar gidan Wendell, yana ɗingishi, gwiwoyi duk ɗinki. Da Wendell ya ga yadda yake dafa kujera kafin ya zauna, sai da tausayi ya ɗan taɓa shi. Bai daɗe ba.

"Ɗan'uwa, ka yi tumbi! Wa ya ci maka gashi?"

"Me ya kawo ka, Royce?"

Rigarsa yake so a rataye a saman zauren wasa, kusa da na manyan da suka wuce, yadda ba wanda zai ƙara sa lamba 33. Ba shi da gida, ba mata, ba ƙungiya. Wannan kaɗai ya rage masa. Dokar kwaleji kuwa ita ce ba a ɗaga rigar mutum sai duk abokan wasansa sun yarda, wanda ya rasu a tambayi iyalinsa.

"Ka san abin da ke ransu," in ji Wendell.

"Wai ragar nan? Haba! Manya da su?"

"Tana nan?"

"Duk ƙasar da na je da ita nake zuwa."

"To ka kawo ta. Ka ba kowa nasa da hannunka, ka ce ka yi kuskure. Ni zan lallashe su."

Ya lallashe su kuwa, ɗaya bayan ɗaya. Otis ya rasu shekara uku kafin nan, ciwon zuciya, don haka Wendell ya buga wa mahaifiyarsa waya. Tsohuwar ta ce, "Ɗana, in zai ba ni zaren Otis, na yafe." Ta sake hawo motar haya, da sandarta.

Aka haɗu a zauren cin abinci na cocin garin, ga soyayyar kaza, ga dafaffiyar masara. Royce ya fito da ragar daga jaka, ta yi ruwan ƙasa saboda tsufa. Kafin ya taɓa almakashi sai da ya tuna musu yawan makin da ya ci a wasan ƙarshe. Wani daga baya ya ce, "Mun sani, Sarki, mu muka ba ka ƙwallon. Yanka!" Aka yi dariya. Ya fara yanka, gutsure-gutsure kamar ɗan yatsa, yana bin tebur yana rabawa. Kalmar kuskure ba ta fito ba, amma mutane suna karɓa, wasu har da murmushi. Wendell ya fara jin abin zai yiwu.

Royce ya ba mutum na goma, ya wuce tsohuwar da ke zaune da tafin hannunta a buɗe bisa cinya, ya naɗe sauran ragar zai mayar jaka.

"Saura na Otis," in ji Wendell a hankali.

Royce ya dube shi, ya dubi tebur.

"Wane Otis?"

Tsohuwar ta rufe hannunta. Wendell ya tashi ya ɗora nasa zaren a gabanta, sannan ya taimaka mata ta miƙe. Da aka zo kaɗa ƙuri'a ba a sami hannu ko ɗaya a sama ba. Royce ya zauna ya cinye kazarsa, yana gaya wa na kusa da shi cewa garin nan tun fil'azal ba su san darajar mutum ba.

Ba a ɗaga rigar ba. Yanzu Royce Tillman yana Ohio, yana sayar da tsofaffin motoci a filin wani mijin ƙanwarsa, sauran ragar na rataye a madubin motarsa. Lamba 33 kuwa kwaleji ta ci gaba da ba duk wanda ya nema.