Maɓallin da Mai Tsumma Ta Ƙi Gogewa

Matar nan da aka kai makwancinta shekaran jiya, wadda kuka ji ana ta cewa Mai Tsumma, ku abin da kuka sani kawai tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da ke korar ku daga bakin famfo. To ku matso ku ji. Shekara talatin ba ɗaya ta yi tana goge zauren majalisar ƙasa, inda manya ke zama su yi doka, can ta samo sunan.

A tsohuwar unguwarmu ta bayan layin dogo aka haife ta. Tana da shekara goma sha huɗu uwarsu ta rasu wajen haihuwar ƙaninta. Uban lebura ne a tashar jirgi, ya fita da asuba sai magariba, don haka ita ta zama uwar jaririn. Auta ake ce masa. Ita ta goya shi, ita ta tauna ta ba shi. Yaron ya taso da wata lalura, fatar yatsunsa tsagewa take yi har jini. Kullum safe sai ta matse shi tsakanin gwiwoyinta ta shafe masa hannu da mai, yana ihu yana cewa fensir zai zame masa a makaranta. Wannan shafa man ta bi shi har girma. Ko ina za shi da 'yar kwalbarsa a aljihu.

Ta yi aure, mijin direban babbar mota ne, mutumin kirki, sai dai bai yi tsawon rai ba, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Bayan rasuwarsa wata maƙwabciya ta kai ta majalisa ana neman masu shara. Ita ko bihim ba ta sani ba. Aka karanta mata takarda ta dangwala yatsa. Abu ɗaya ta riƙe a cikin duk abin da aka karanta: abin da ka gani a zauren nan, a nan za ka bar shi. Wanda ya kwashe ya kai waje, a bakin aikinsa.

Zauren, yadda take kwatanta mana, kujeru ne sahu-sahu a zagaye, kowace da ɗan teburinta, da abin magana mai dogon wuya, da maɓallai uku. Kore na na yarda, ja na ban yarda ba, rawaya na ba ruwana. Maɓallan a ƙarƙashin wata 'yar rumfar katako suke. In an zo ƙuri'a kowa ya zura hannu ya danna, babban allo ya nuna jimla, amma ba ya faɗin wane ne ya danna wane. Sahu na huɗu da na biyar su ne rabonta. Da safe kafin manya su shigo ta goge su har suna ɗaukar ido, in sun tashi da la'asar ta koma ta sake.

A nan aikin ya koya mata abin da ba ta nema ba. In ta karkata kai ta dubi maɓalli ta gefen haske, sai ta ga sawun yatsa. Ranar da aka yi ƙuri'u da yawa duk ukun a dagule suke, ba ka gane komai. Amma ranar babbar doka, da ake wuni ana cacar baki a yi ƙuri'a ɗaya tak, to a fili take gani. Ta san wanda ya gama zagin doka a rediyo ya zo ya danna kore. Ta san kujerar da ƙura ke wata uku a kanta mai ita bai leƙo ba. Ba ta taɓa buɗe baki ba. In mun matsa mata a wajen wanki sai ta ce manya ma suna manna cingam a ƙarƙashin tebur. Iyakar abin da za ka samu ke nan.

Shi kuwa Auta karatu ya karɓe shi. Ya zama malamin makaranta, ya zama shugaban ƙungiyar malamai, ga baki kamar rediyo. Da aka fara raɗe-raɗin za a tashi unguwarmu don a faɗaɗa tashar jirgi, shi ya hau benci a ƙofar shagon Tela ya ce muddin yana numfashi ba mai taɓa bangon kowa. Unguwa ta tsaya masa tsayin daka, sauran unguwanni suka bi, ya ci zaɓe.

Washegarin da aka faɗi sakamako ya zo ya durƙusa a gabanta, ya ce Yaya ta ajiye tsumman nan haka, ba zai iya zama a kujera yayarsa na share masa ƙasa ba. Ta ce ai ta riga shi shiga gidan da shekara ashirin da biyar, in akwai baƙon da zai fita to shi ne. Suka yi dariya. Suka shirya a kan cewa a cikin ginin ba gaisuwa, ba ta san shi ba, bai san ta ba. Sai ga ikon Allah, da aka raba kujeru tasa ta faɗo a sahu na biyar, ta tara daga bakin hanya. Sawun yatsansa kuwa ba ya ɓuya, maiƙon man nan ne raɗau.

Haka ta riƙa bin sawunsa ba tare da ya sani ba. Abin da ake ƙuri'a a kai tana ji a bakin masinjoji. Dokar ƙara gina makarantu, kore, ta koma gida tana murmushi ita kaɗai. Dokar hana ma'aikatan asibiti yajin aiki, shi da ya ja malamai yaji har sau biyu, kore. Wannan ta dame ta, amma ta haɗiye. Ta ce wa ranta sabon shiga ne, manyan jam'iyya sun fi ƙarfinsa. Ya koma zuwa unguwa a mota mai baƙin gilashi, ya yi tumbi, amma in ya shigo ɗakinta a tabarma yake zama, a kwanonta yake cin abinci. Wannan ya ishe ta.

A shekararsa ta huɗu aka kawo dokar tashin unguwar. Sau biyu za a yi mata ƙuri'a, mako biyu tsakani. Ranar ta farko ba a yi wata ƙuri'a ba sai ita. Da manya suka watse Mai Tsumma ta shiga da bokitinta, ta iso kujera ta tara, ta karkata kai. Maiƙo a kan kore. Ta sake dubawa ta ɗaya gefen ko idonta ne. Ja ɗin yana nan tas yadda ta bar shi da safe. Ta sa tsumma ta goge.

Ranar hutu Auta ya zo unguwa ya hau bencin nan. Tela ya ce a hankali ranka ya daɗe, bencin ya san ka tun kana siriri kamar sillen kara, yanzu sai kuka yake yi. Aka yi dariya har da shi. Sannan ya ɗaga hannu ya rantse ja ya danna, an dai fi su yawa ne. Mutane suka yi ta tafi. Tela ya waiwayo ya hango ta a bayan mata.

"Yaya Mai Tsumma, ke ce idonmu a can. Haka aka yi?"

"Ni ƙasa nake kallo, Tela. Shara ce a gabana."

Ta shige gida. Abincin da ta ɗora ranar ta kasa ci, ko almajiran maƙwabta ba su samu ba, kaji ta zuba wa. Da taro ya watse ta aika a kira mata shi. Ya shigo yana share gumi, ya zauna a tabarma. Ta kama hannunsa ta juya shi ta dubi yatsun.

"Har yanzu kana shafa man?"

"Kullum, Yaya."

"Na sani. Ina ganinsa."

Ta gaya masa yadda take ganinsa, tun daga dokar makarantu har ta makon jiya, ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake ba. Ya zare hannunsa daga nata. Sannan ya fara bayani. Wai manyan jam'iyya sun ce duk wanda aka ji ƙishin-ƙishin ya bauɗe ba za a sake tsayar da shi ba. Wai ƙuri'arsa ɗaya ba za ta hana komai ba. Wai in yana ciki zai iya nema wa mutane wuri mai kyau da za a mai da su, in an fitar da shi wa zai yi? Ta bar shi ya kai aya. Ta ce ita ba ta yi makaranta ba, ƙila duk gaskiyarsa ce.

"Ban ce ka hana katafila zuwa ba, Auta, ba ka da wannan ƙarfin. Amma ka hau bencin Tela ka rantse wa mutanen da suka ga tsiraicinka, ka kuma sa ni ma na yi musu ƙarya. Ranar ƙuri'a ta biyu da hannuna zan goge maɓallan nan. Abin da na gani da la'asar shi zan faɗa a ƙofar shagon nan, kowane ne."

"Za su kore ki."

"Na sani."

"In na goge da hankici fa?"

"To ai ka ba ni amsa ke nan."

Ya tashi ya fita bai yi mata sallama ba. Tunda ta goya shi bai taɓa yin haka ba.

Mako biyun nan ta rame. Ba aikin take ji ba, ta riga ta sallama shi. Yaron take ji. In kore ta gani, da bakinta za ta tona masa asiri a gaban unguwa, daga ranar kuma ba ta da ƙane, ba ta da ɗa, don shi ke nan gare ta a duniya.

Ranar ta zo. Ta goge sahunta da safe, ta koma ɗan ɗakin da suke ajiye tsintsiya ta zauna a kan bokiti. Tana jiyo hayaniyarsu ta bango, ana buga tebur, ana kiran a yi tsit. Wajen la'asar wani masinja ya leƙo ya ce doka ta wuce, da rata mai yawa ma. Ta ce to. Ta ɗauki tsummanta ta shiga.

Da wata ce, da ta ruga kujera ta tara. Ita daga ta ɗaya ta fara, yadda ta saba, tebur, abin magana, maɓallai, hannun kujera. Ta gama sahu na huɗu kaf, ta hau na biyar. Da ta iso ta tara ba ta ma buƙaci karkata kai ba. Ja ɗin ya sha mai har yana naso, kamar da gangan mutum ya tsoma yatsa a kwalba kafin ya danna. Ta dafa teburin ta tsaya. Ta goge teburin, ta goge abin maganar, ta goge kore da rawaya, ta wuce kujera ta goma. Shugabar masu shara da ke bin sahu tana dubawa ta ce mata ta tsallake ɗaya. Ta ce ta gani, a bar shi sai gobe. A shekara talatin ba ɗaya wannan ne kaɗai wurin da ta taɓa bari da datti.

Daga can ƙofar shagon Tela ta nufa, ko gida ba ta shiga ba. Ba ta hau benci ba, gwiwa ba za ta bari ba. Ta ce ranar nan da Tela ya tambaye ta ba ta faɗi gaskiya ba. Ta ce a ƙuri'ar farko ƙaninta kore ya danna, rantsuwar da ya yi musu ƙarya ce. A ta yau ja ya danna. Ta faɗi yadda aka yi ta sani. Wuri ya kaure. Wasu suka ce rufa wa ɗan'uwanta asiri take yi da zancen ja. Tela ya ce wanda ke son rufa asiri ai ba ya farawa da kore. Wasu suka ce ja ko kore, gidajen dai sun tafi. Su ma gaskiyarsu ce.

Kwana uku magana ta kai majalisa. Aka karɓe mata katin shiga da rigar aiki, saura shekara ɗaya ta cika talatin. Manyan jam'iyya su ma sun ji, da zaɓe ya zagayo wani suka tsayar. Bayan damina katafila ta zo, aka kwaso mu zuwa nan inda kuka buɗe ido kuka gan mu.

Auta ya yi fushi da ita, fushi mai tsanani. Cewa ya yi da ta faɗi ja ɗin kawai ta yi shiru, me zai ragu a jikinta? Shekara guda cur bai tako ƙofarta ba. Ita kuma ba ta aika ba, ba ta kuma bari a zage shi a gabanta ba. In an tambaye ta labarinsa sai ta ce yana nan lafiya, ya koma koyarwa, alhali a bakin mutane ita ma take ji. Kwano biyu dai take wankewa kullum, nata da nasa.

Wata safiya tana shara a tsakar gida aka yi sallama. Shi ne, a ƙafa, tumbin ya zube. Ya shiga ɗaki ya zauna a tabarma, ta bi shi ta zauna. Ba wanda ya tayar da maganar. Can ya miƙo mata hannayensa biyu. Alli ya cinye su, yatsun duk sun dare.

"Kwalbar fa?" ta ce.

"Ta ƙare, Yaya."

Ta jawo tata daga ƙarƙashin gado, ta kama hannun ta fara shafawa, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a hankali mana, allin zai zame masa a aji. Ta ce ya zame ɗin.

Dattijon nan mai furfura da kuka gani shekaran jiya a gaban makara, wanda aka yi ta cewa ya kawo a karɓe shi ya ƙi saki, to shi ne Auta.